Jinjina ga masu tallan Brinsley Schwarz

Duk wanda yake son koyon yadda ake tallata faifai, ya je ya ɗauki karatu wurin kamfanin Famepushers na Landan. An damƙa musu wasu samari huɗu masu kiɗan rock, ƙungiyar Brinsley Schwarz, waɗanda ko a unguwarsu ba kowa ya san su ba. Mai ƙaramar basira da sai ya ce su fara kiɗa a ƙananan wurare har kunne ya saba da su. Manajansu Dave Robinson na Famepushers ya wuce nan. Ya samo musu gurbi a dandalin Fillmore East na New York, a watan Afrilun 1970, su share fage kafin Van Morrison ya hau, sannan aka yi shatar jirgi sukutum don kwaso 'yan jaridar Ingila sama da ɗari su zo su gane wa idonsu. Madalla da wannan hangen nesa!

Tsari kuwa ya tafi daidai. Bizar makaɗan ta maƙale, sai da suka zaga ta Kanada, suka iso a kurarren lokaci, suka hau dandali da kayan kiɗan haya da hannunsu bai saba da su ba. Ina amfanin gwaji ga wanda aka riga aka yi wa shela?

Jirgin manyan baƙi shi ma bai ba da kunya ba. Ya yi jinkirin sa'o'i kafin ya tashi, ya samu matsala a hanya, ya sauka dole a Shannon ta ƙasar Ireland. Don kada ran baƙi ya ɓaci, aka sakar musu giya kyauta. Wannan shi ne karimci. Mutanen da aka ɗauko musamman don kunnuwansu suka isa New York wasu na tangaɗi, wasu na riƙe da kai, aka zuba su a jerin zungura-zunguran motoci aka nufi dandali da su a guje. A gaban waɗannan alƙalai aka tsayar da mawaƙin ƙungiyar Nick Lowe da jitarsa, yaro ɗan shekara 21, aka ce ya burge duniya.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu: jaridu sun yi rubutu, shafi bayan shafi. Sun rubuta labarin jirgi da giya da almubazzaranci, suka yi wa wasan kaca-kaca. Da faifan farko ya fito daga kamfanin United Artists, ɗauke da sunan ƙungiyar, an riga an yanke masa hukunci tun ba a ɗora masa allura ba. Waƙoƙin da samarin nan suka zauna suka tsara, da muryoyinsu masu taushi, ba su samu kunnen adalci ba, kuma wannan ne abin da ke ci mini rai.

A ƙara yi wa Famepushers godiya da bashin da aka bar wa yaran a wuya. Shi ya tara su a gida guda a Northwood, suka sa wa faifai na biyu suna Despite It All, suka koma kiɗa a mashayar unguwa irin Tally Ho ta Kentish Town, inda babu mai zuwa da jirgin shata. A 1975 suka watse, ba su taɓa ganin waƙarsu ko ɗaya a jerin masu ciniki ba.