Ɗan Fillo, Wa Ya Aike Ka Shurin Katantanwa?

Labari ya iso mini har Maiduguri cewa ka jingine sanda, ka sayi fararen kaya da ɗamara, wai ka shiga koyon takwando, wasan Koriyawa. Sannu da himma, bawana. Da ka nemi izinin ubangidanka Babarbare tun farko, da ba a kai ga ɗaure maka idon sawu ba.

An ce ka shaida wa malaminku ba ka son komai sai shurin juyi, wanda mutum ke yin katantanwa ya sauke wa abokin karawa dunduniya a kunne. Na san abin da ya ja ka. Ka ji maki biyar ake ba shi, alhali shuri a ka ba tare da juyi ba uku ne, na jiki kuwa biyu. Mutumin da ke ƙirga shanu da asuba ya sake ƙirgawa da magariba ba zai bar biyar ya ɗauki biyu ba.

Kuma ka ce doguwar ƙafa gare ka irin ta Abdul Razak Alfaga na Nijar. Gaskiya ne Alfaga ya haura mita biyu, ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Sai dai shi akwai cinya a jikin tsawon. Taka kuwa sillen kara ce aka sa wa wando.

Saurara in ba ka karatu kyauta. Ƙarfin shuri ba a ƙafar da ta tashi yake ba, yana ƙugu da kuma ƙafar da ta rage a ƙasa. In za ka kai shurin gefe, fara ɗaga gwiwa, ka murza ƙafar tsayuwa a kan tushen yatsu har dunduniyarta ta kusa fuskantar abin da kake nufi, sannan ƙugu ya biyo, ƙafa ta fita daga ƙarshe. Wanda ya kafe tafin ƙafarsa a ƙasa ya murɗa jiki, gwiwarsa ce za ta biya kuɗin. Da ƙafa ta taɓa, janye ta da saurin da ta tafi. In ka bar ta tana lilo, a dambe ko a damben Tailan kama ta za a yi a kai ka ƙasa. Hannu kuma ya tsaya gadin haɓa, ba ya yi ta fiffika ba. Shi ma juyin da kake ƙulafuci, kanka ne zai fara juyawa, ido ya ga wurin, sannan ƙafa ta je. Kai an ce rufe ido kake yi kana kiran Inna.

Maganin duk wannan ba shi da daɗi. Dafa bango, ka yi shurin a hankali, dama da hagu, har cinya ta yi zafi. Kada ka ja jijiyoyi sai jiki ya ɗumama. Ka buga buhun atisaye, ka bar bishiyar mutane ta huta, don ƙwauri ƙashi ne. A Disambar 2013 Anderson Silva, gwanin Burazil, ya kai wa Chris Weidman shuri a ƙafa, wancan ya tare da gwiwa, ƙwaurin Silva ya karye nan take. Silva fa mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana riƙe da kambu, ba mai kwana a kan fura da nono ba.

Abin da ya fi duka shi ne ɓoye niyya. A Agustan 2022 Kamaru Usman, haifaffen Auchi, yana kare kambunsa, yana gaba da maki a turmi na biyar, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi. Leon Edwards ya nuna masa naushin hagu, Kamaru ya kauce ya sunkuyar da kai, ashe ƙwaurin hagu na tafe ta nan. Shi ke nan, kambu ya koma Ingila. Babu katantanwa, babu tsalle. Kai kuwa kafin ka juya sai ka gyara wando, ka ja numfashi, har ɗan kallo na bayan fage ya san abin da ke tafe.

Ko a gidan dambe, je ka ga 'yan Kudu da Jamus da Guramada: in sun sa ƙafa, yawanci don su girgiza tsayuwar mutum ne, hannun da aka naɗe ya ƙarasa kisa.

Don haka ga hukuncin ubangida. Wata shida ba juyi, shurin gaba da na gefe kawai, kada ya wuce tsayin ƙugu. Ladan karatun nan ƙwarya biyu ta kindirmo da man shanu, a aiko kafin Juma'a, kuma kada a tsarma ruwa.