Motarmu Tana Ɗan Shan Ruwa

Mu dai a unguwar nan, in kana son sanin lafiyar motar mutum ba sai ka nemi takardunta ba, ka ce ya buɗe but. In ka ga galan mai lita 4 da tsumma a gefe, to da sauran ƙarfinta. In kuwa jarka ce mai lita 25, sai dai a taya shi da addu'a.

Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40 a Kano, balle Sakkwato da Maiduguri, sai ka ga motoci jere a bakin titi kowacce bonet a ɗage. Abin da muke yi kuwa kowa ya haddace. A kira mai fiyawata, a fasa leda uku a kan lagireto, a ɗura biyu a ciki, a tayar da mota a ce Alhamdu lillahi. Gobe a maimaita. In maƙwabci ya tambaya, sai a ce, "Ai ba wata matsala, Malam, tana ɗan shan ruwa ne kawai."

To, ina ruwan yake zuwa? Wannan tambayar ce ba ma son yi. Ruwan injin zagaye yake yi a rufe. Famfo ya tura shi cikin injin, ya kwaso zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto, iska ta huce shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Ba ƙona shi ake yi ba. Lafiyayyar mota sai ta yi wata da watanni ba a ƙara mata kofi guda ba. In kullum safiya kana ɗura lita ɗaya, lallai akwai ƙofar da yake fita: ko dai yana ɗiga ƙasa, ko yana tafasa ya bi iska, ko kuma, Allah ya kiyaye, yana shiga cikin injin.

Akwai wani dattijo a majalisarmu da ya daɗe yana jan Fijo 504 tsakanin Kano da Jos, tun zamanin da ake haɗa ta a Kaduna. Shi maganarsa ɗaya ce: "Ku yaran nan, kwali nawa yake?" Wai ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe ka duba inda ya jiƙe. In can gaba ne, lagireto ne ko bakin tiyo. Motocin Kwatano da yawa kan lagiretonsu na roba ne, shekaru da zafi kan tsaga shi. In daga jikin injin ne, wajen da bel yake, a duba famfon ruwa, don yana da ɗan rami da ke fara zubar da ruwa in robar cikinsa ta gaji, kuma za ka ga sawun tsatsa ko farin busasshen abu a wurin. In ba komai a kwali amma kafet ɗin gefen mai zaman banza kullum a jiƙe, to ƙaramin lagireton hita ne da ke bayan dashbod. Mu kuwa sai mu ɗora wa yara laifi, mu ce su suka zubar da ruwa a hanyar makaranta.

Sai murfin lagireto, wanda muka fi rainawa. Ya ɓace, mu toshe da leda da kyauro. Ko mu je kasuwar Ƙofar Ruwa mu ce a ba mu kowanne, in dai ya ɗauru. Alhali ɗan murfin nan aiki yake yi. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a kan tudun Jos ma tun wajen 96. Murfin ne ke riƙe matsi a ciki, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, kuma da wannan matsin ruwan ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. In sifirin ɗinsa ya saki ko robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana ficewa a hankali, ba ɗigo ko ɗaya a kwali. Mutum nawa aka sauke wa injin saboda murfin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba?

Amma babbar al'adarmu, wadda muka gada kaka da kakanni, ita ce cire tamostat. Mota ta iso daga Kwatano, ko lamba ba a yi mata ba, bakanike zai ce, "Alhaji, a cire wannan, na ƙasar Turawa ne, don ƙanƙara aka sa shi. Sannan a kai wa rewaya ya haɗa fanka dairek." Alhaji ya ce to. Ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har injin ya ɗumama, sannan ta buɗe a wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon mota. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki da ɗuminsa. In ka cire ƙofar ka sa fanka tana juyawa ba dare ba rana, da sanyin safiyar hunturu injin ba zai kai zafin da yake so ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu ba a ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa kuka yake da tsadar mai, amma ba mai tuna abin da aka jefar a gareji. Gaskiya ne tamostat yakan maƙale a rufe ya jawo zafi; za ka ji tiyon sama bai yi zafi yadda ya kamata ba alhali allurar zafi ta tashi. Maganinsa a sa sabo.

Lokacin da allura ke tashi ma yana ba da labari. In a cunkoso take zafi, da an saki hanya ta sauka, fanka ce, ko fis, ko abin da ke kunna ta. In sai an miƙe hanya da gudu, ko ana hawan Kibo da kaya, to lagireto ya toshe ko famfo ya gaza. Wani lokaci ƙurar hunturu ce da ƙwari suka cike saƙar lagireton daga waje, wanki kawai yake so.

Toshewar ciki kuwa mu muke jawo ta da hannunmu. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan kududdufi in an matsu, duk ɗurawa muke. Gishirin da ke cikinsu ya daskare a siraran bututun, tsatsa ta biyo baya. Kulan, wato ruwan nan kore ko ja, muna ganin ɓarnar kuɗi ne tunda ba ma ƙanƙara, alhali shi ke hana tsatsa, yana kuma ɗan ɗaga inda ruwa ke tafasa. (A dai ɓoye shi daga yara da dabbobi, yana da zaƙi kuma guba ne.) In lagireto ya huje kuma, sai likitocin majalisa su taso: wannan ya ce garin kwaki, wancan ya ce ɗanyen ƙwai, wani ya rantse da garin barkono. Sukan toshe hujin na ɗan lokaci, ba a musu, su kuma toshe hanyoyin da ba ka aike su ba.

Haka za a yi ta lallaɓawa har ranar da gaskit ɗin kan injin zai ƙone. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan injin ya ɗumama. Kumfa tana tasowa a bakin lagireto in an tayar da mota da sanyi murfi a buɗe. Tiyo ya ƙame tun injin bai yi zafi ba. Baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Masu saurin kai mota ga wannan hali su ne masu cewa "bari in lallaɓa in kai gida" allura tana kan ja, da masu sheƙa ruwan sanyi a injin da ke tururi, don kan injin na alminiyam ba ya jure wannan, lanƙwashewa yake ko ya tsage. Masu buɗe murfi da zafi kuwa, a dubi hannayensu. A kashe mota, a ba ta ko rabin awa ta huce. In kuma an zo sauya gaskit, a kai kan injin a auna ko ya lanƙwashe, a kuma nemo abin da ya fara jawo zafin, in ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba.

In abin ya gagare mu, sai mu wanke ta tas, mu sauya baƙin mai, mu cika lagireto, mu kira dillali. Shi kuma ya ɗumama ta tun kafin mai saye ya iso, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta wata Hajiya ce, daga gida sai ofis." Shi ya sa dattijon nan namu ba ya zuwa ganin mota da rana. Bayan sallar asuba yake zuwa, ya taɓa injin ya tabbatar a sanyaye yake, ya buɗe murfi, ya ce dillali ya tayar, shi kuma ya tsaya yana kallon bakin lagireto.