Mai Jan L a Bayan Mota

Ɗan koyon mota jarumi ne muddin yana filin Idi, inda babu abin karo sai tumaki. A fito da shi kan titin Gidan Zoo a Kano da yamma, 'yan adaidaita sahu su sa shi tsakiya, nan za ka ga gumi. Ƙafa biyu Allah ya ba shi, mota ta ce uku take so: kuloci, birki, totur. Danja ta ba da hannu, ya saki kuloci da gaggawa, mota ta zabura ta mutu. Na baya ya leƙo: "Malam, ko a tura ka?"

Ranar gwaji kuwa, jami'in VIO na zama a gefensa, karatu ya gudu. Aka ce ya sa sigina, sai ga waifa tana ta sharar gilashi, a tsakiyar watan Maris.