Wasiƙa daga Landan: katoɓarar manya

Zuwa ga taubashi, sarkin surutun Korahane.

 Ubangidanka na nan Landan lafiya lau, sai sanyi da ya hana shi cire rawani.

Ga wata kalma da ya tsinto maka, don ta dace da kai: gaffe, ana faɗinta gaf. Turawan Ingila sun aro ta ne daga Faransanci, wanda ya zauna lakwal ya san ta. Katoɓara ce dai, wato mutum ya saki baki inda ya kamata ya kama shi, ba da niyyar cin mutunci ba. Sai dai abin da suke ɗauka katoɓara ne zai ba ka dariya. A Dakoro in ka ga matar wanka ka ce "Hajiya, kin yi ƙiba!" yabo ne, har fura za ta dama maka. A nan ka faɗi haka, an daina gaisawa ke nan. Tambayar mace shekarunta, ko yaushe za ta yi aure, ko me ya sa ba ta haihu ba, duk haramun ne.

Amma manyansu su ne gwanayen abin. Marigayi Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, jaridu har jera nasa suke yi. A 2003 ya ga Shugaba Obasanjo ya sha babbar riga, sai ya ce masa ai kamar ya shirya kwanciya barci. Babbar riga fa, taubashi! A Mayun 2016 kuma Firayim Minista David Cameron, yana hira da Sarauniya a fadar Buckingham, kyamara na ɗauka, ya lissafa Najeriya da Afganistan a sahun gaba wajen cin hanci. Ga Buhari, shugaban Najeriya a lokacin, an gayyato shi taron yaƙi da rashawa a Landan, a makon. Buhari bai tada jijiyar wuya ba. Ya ce shi ba ya neman a ba shi haƙuri, a maido wa ƙasarsa dukiyar da aka sace aka ɓoye a Ingila. A ganin ubangidanka, bafulatanin Daura ne ya ci wasan.

Matsalarsu ba su da taubasai. Wasan taubasai, irin na Barebari da Fulani, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, su ba su san shi ba, shi ya sa kowace zolaya sai ta kai gidan jarida.

A gaida Inna da Kawu da yara. Batun albashin da kake ta tambaya a WhatsApp kuwa, a nan ita ce babbar gaffe, don haka ka daina.