Shirun Mai Bijimi

Turawan Ingila in suka ce mutum ya yi nonplussed, nufinsu kansa ya ɗaure, ya rasa ta cewa. Asalin kalmar daga Latin ne, "babu ƙari". Amurkawa da yawa kuwa sun juya ta, a wurinsu tana nufin wanda abin ko a jikinsa. Har yau malaman nahawunsu na ta cacar baki.

Da sun leƙo kasuwar shanun Ɗanbatta a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da sun ga gardamar tasu tsaye da rawani. Dattijo ya sayar da bijimi, an yi Allah sa albarka, mai saye ya miƙo masa waya har hanci: "Baba, ga shi, na tura." Baba ya dubi waya, ya dubi bijimi, ya ɓantari goro, bai ce uffan ba. Dillali ya rantse kan tsohon ne ya kulle. Yaron mai POS ya ce ina, ko gezau, ba ka ga bai saki igiya ba?

Bai kuwa sake ta ba har la'asar sakaliya, sai da alat ya shigo wayar jikansa.