Nero, Gwanin da Bai Taɓa Faɗuwa Ba

Kusan shekara dubu biyu ke nan mahassada suna yi da Nero. Marubucin tarihi Tacitus ya rubuta nasa, takwaransa Suetonius ya ƙara gishiri, na baya suka ɗauka suna ta yayatawa, kamar bawan Allahn nan bai taɓa yin abin kirki ba. Alhali a sarakunan Rum kaf, da wuya a sami wanda ya kai shi zumunci da hazaƙa.

A fara da zumuncin. Yana ɗan shekara 16 ya hau gadon sarauta, a shekarar 54 miladiyya, bayan Sarki Claudius, mijin uwarsa, ya ci naman kaza bai ƙara tashi ba. Claudius ya bar ɗa na cikinsa, Britannicus, yaro ɗan shekara 13. Nero ya duba nauyin mulki, ya ga bai kamata a ɗora wa ƙaramin yaro wannan wahala ba. A shekarar 55, ana tsakiyar liyafa, yaron ya kurɓi abin sha ya faɗi. Nero yana kishingiɗe, ya kwantar wa baƙi hankali cewa farfaɗiyarsa ce ta motsa, kowa ya ci gaba da cin abinci. Ba a bar gawar ta jima ba aka yi jana'iza. Ina wan da zai yi wa ƙaninsa wannan hanzari?

Sai uwarsa Agrippina, wadda ta yi ruwa ta yi tsaki har ya sami sarautar. Wane ɗa ne zai sa a ƙera wa mahaifiyarsa jirgin ruwa nata na kanta? Nero ya yi, a shekarar 59. Ya gayyace ta biki a Baiae, ya karrama ta, ya raka ta har bakin ruwa ya rungume ta. Jirgin dai an ƙera shi ne yadda zai wargaje a tsakiyar teku, to amma ai kowace sabuwar fasaha da irin nata tsarin. Tsohuwa ta ƙi ba da haɗin kai, ta yi iyo ta fita. Ɗan kirki bai yi fushi ba, ya aika mata Anicetus, shugaban sojan ruwa, ya duba ta har ɗaka da makami. Malaminsa Seneca, masanin falsafar nan, shi ya tsara wasiƙar bayani, majalisar dattawa kuma ta yi godiya ga alloli da suka kuɓutar da sarki daga sharrin uwarsa. Idan dattawa suka gamsu, mu su wa?

Matansa ma ba su yi kukan rashin kulawa ba. Octavia ya sake ta a 62, ya ba ta tsibiri ta huta, aka kawo wa amarya Poppaea kan Octavia a matsayin kayan lefe. Poppaea kuwa, wadda aka ce shurinsa ne ya yi ajalinta da juna biyu, ya sa aka ɗaga ta zuwa matsayin allahiya. Sau nawa miji ke yin irin wannan biko?

Amma inda Nero ya yi zarra shi ne waƙa. Muryarsa ta kai inda mutum ba ya iya tashi ya bar wurin, musamman da yake ana kulle ƙofofi. An ruwaito cewa mata sun haihu a cikin taro, wasu maza kuma suka yi mutuwar ƙarya don a fitar da su a makara, ka ji yadda daɗi ke kashe mutum. Don kada jama'a su gaji da tafi, ya tanadi samari kusan 5,000 da aikinsu ke nan, an koya musu salo-salo, shugabanninsu na karɓar albashi mai tsoka. Wani janar mai suna Vespasian ne kawai ya yi rashin tarbiyya, ya yi gyangyaɗi sarki na rera waƙa, ya kuwa sha da ƙyar.

Da ya ga Rum ta yi wa baiwarsa kaɗan, sai ya nufi Girka a 66. Gasar Olamfik da ya kamata a yi a 65 aka ɗage ta sai 67 don ta jira shi, aka kuma cusa gasar waƙa a ciki. Ya shiga tseren karusa da dawaki goma. Karusa ta watsar da shi, aka ɗaga shi aka mayar, bai kai ƙarshen fili ba, alƙalai suka duba da idon basira suka ga shi ne na ɗaya. Ya saka musu da kuɗi da takardar zama 'yan Rum. Ya koma gida da kambun nasara 1,808, ba a kayar da shi ko sau ɗaya ba. A tafiyar ce ma ya tuna da Corbulo, janar ɗin da ya yi masa yaƙin Armeniya, ya kira shi Girka ya sallame shi daga aiki da duniya baki ɗaya.

Gobarar Yulin 64 ita ce mahassada suka fi riƙewa. Cikin unguwanni 14 na birnin, uku sun zama toka, bakwai sun lalace, huɗu kacal suka tsira. A yi adalci: yana Antium lokacin da wutar ta tashi, ya dawo ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya karya farashin hatsi. Sai dai mai hangen nesa ba ya barin fili ya zauna banza. Gaba ta kai shi, gobarar Titi: a kan tokar gidajen mutane ya gina Gidan Zinariya, da tafki a tsakiya, da rufin hauren giwa mai yayyafa furanni da turare, da zauren cin abinci mai juyawa, da gunkinsa na tagulla mai tsawon fiye da mita 30 a ƙofa. Da ya tare, ya nuna tawali'u, ya ce yanzu ne zai fara zama irin na ɗan Adam. Kuɗin aikin bai gagara ba, an tatsi larduna, an rage azurfar da ke cikin dinari. Da gunaguni ya yi yawa cewa shi ya sa wutar, ya gano masu laifi nan take, wato Kiristoci. Aka ɗinka wa wasu fatun dabbobi aka sakar musu karnuka, wasu aka cinna musu wuta su haskaka lambu da dare. Ko a hukunci mutumin bai yarda da almubazzaranci da man fitila ba.

Butulci ya biyo baya. A 68 wani gwamna mai suna Vindex ya yi tawaye a Gaul, takwaransa Galba ya bi sahu daga Sifen, dogarai suka juya baya, dattawan nan masu godiya suka ayyana shi maƙiyin ƙasa. Ya gudu gidan wani 'yantaccen bawansa a bayan gari, yana jajanta wa duniya irin gwanin da za ta rasa. Ran 9 ga Yuni, yana da shekara 30, sakatarensa ya taimaka masa ya soka wuƙa a maƙogwaro.

Da yake ya riga ya hutar da danginsa, bai bar magaji ba, sai ya buɗe wa kowa ƙofar sarauta. A shekarar 69 kaɗai mutum huɗu suka ɗana, uku suka bar kujerar a gawa. Na huɗun, wanda ya zauna daram, ya cike tafkin Gidan Zinariya ya aza harsashin Colosseum a wurin, shi ne Vespasian, mai gyangyaɗin nan da bai san daɗin waƙa ba.