Da Za a Zuba Mutanen Gumani a Jirgin Queen Mary 2

Daga Tamale zuwa bakin teku sai ka ci fiye da kilomita 600 a mota, amma hakan bai hana samarin unguwarmu ta Gumani masu zaman shayi zama malaman jirgin ruwa ba. Tun da bidiyon Queen Mary 2 ya shigo wayoyi aka jingine gardamar ƙwallo. Wanda bai taɓa wuce gadar Buipe ba, shi ne ke gyara wa jama'a zance.

Jirgin dai na kamfanin Cunard ne, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja wajen 2,600. Daga Southampton ta Ingila zuwa New York kwana 7 ne a kan ruwa, ba tasha, ba kasuwa, ba mai tallar ƙosai ta taga. To me ake yi a ciki? A ci, a kishingiɗa a kujera ana kallon ruwa, a sha shayi da ƙarfe 3:30 na yamma, da dare a ci ado a zo a ga wanda ya fi wani. Wato Bature ya zuba kuɗi masu nauyi don ya yi abin da muke yi kyauta a gindin darbejiya tun muna yara. A wannan fanni mu ya kamata a ɗauka aikin koyarwa.

Da za a zuba mu a ciki, matsalarmu ta farko agogo ce. Jirgi ba ya jin "ga ni nan a hanya", kalmar da Alhajin layinmu ke faɗa yana riƙe da soson wanka. Rabinmu a bakin gaɓa za a bari muna ɗaga hannu, muna cewa kyaftin ba shi da ladabi. Waɗanda suka samu shiga kuwa za su tarar da wani ikon Allah: in ana tafiya yamma, a darare 5 ana mayar da agogo baya da awa guda, yini ya zama awa 25. Za mu karɓi ƙarin ba godiya, kuma mu makara duk da haka. A dawowa ne za a yi ta, domin a nan ake ƙwace awar. Sai an kafa kwamiti ya binciko wanda ya ci ta. Ga batun alƙibla, jirgi ya ba gabas baya, kowa da manhajar wayarsa da malaminsa. Kafin kwana uku an tsai da jam'i biyu.

Kaya kuwa ba a magana. Duk mai ɗan'uwa a Bronx ta New York zai zo da "ɗan saƙo, ba shi da nauyi". In ka buɗe: doya, daddawa, man kaɗe, yaji, busasshiyar kuɓewa, da tukunya. Hajiya za ta dubi jirgin sama da ƙasa ta ce, "Wannan duka, a ce ba wurin buhu ɗaya? Haba ɗana."

Lokacin shayi ma'aikata ke zagayawa da farar safar hannu, suna zuba wani ruwa-ruwa da ba ya ko kumfa. Samarinmu da suka saba da ataya zagaye uku za su nemi gawayi. Su Hajiya ba ruwansu da shayin, idonsu na kan kek. Leda na cikin jaka tun daga gida, domin ba a taɓa zuwa taro an dawo wa yara hannu rabbana ba, ko da yaran na bayan teku ne.

Akwai farfajiyar katako da ta kewaye jirgin, zagaye uku ya ɗan haura mil guda, Turawa na sassarfa a kai don motsa jini. Mu ko zagaye ɗaya ba za mu kai ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya baƙunta, yaya muka ji da ruwa. Maƙwabtanmu Dagomba kuma su rusuna, ana "naa, naa" har hanya ta toshe. Wanda ya wuce ka da gudu bai gaishe ka ba, kafin magariba an san asalinsa har kakanni.

Abu biyu ne za su ɗaure mana kai. Karnuka na da ɗakunansu da mai kula da su, abin da zai sa Alhaji ya tambayi kuɗin gadon rago. Sai tafkin wanka: ruwa fal, mutane na wasa a ciki. Matan da suka san daren tashi neman ruwa a Tamale za su yi shiru na ɗan lokaci, sannan a fara jera galan masu ruwan ɗorawa.

Ƙasarmu Gana ma ta san irin tafiyar. Daga 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta jigila tsakanin Ingila da Legas, yana tsayawa a gaɓar Gana, tafiyar wajen mako biyu. Shi ya riƙa sauke ɗaliban da ke dawowa da kwat da tayi cikin zafin rana, suna tambayar sunan tuwon da ya raine su. Halin bai mutu ba. Yanzu ma mako guda a Kumasi ya isa yaro ya dawo yana ƙorafin ƙura.

Ranar da za a hango New York kuwa, za a tarar mun naɗa sarkin zangon jirgi, mun zaɓi magajiya, an ɗaura aure ɗaya, mata biyu sun daina magana kan anko. An kuma kafa adashi, an lallaɓa kyaftin ya zuba hannu biyu. Kwasarsa sai watan gobe, don haka ko ya so ko ya ƙi, jirgi ba zai ɗaga ba sai Alhaji ya fito daga wanka.